Likita ya tambaye ni ko uwar yaron nan ta sha giya tana da cikinsa

Maman_Iman
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina da tambaya, na kwana biyu ina juya ta a raina kafin na iya rubutowa. Akwai yaro a hannuna, ɗan yayata ne Allah ya ji ƙanta, tun yana shekara 2 nake riƙonsa yanzu ya shiga 8. Wlh ba mugun yaro ba ne, ga fara'a ga son mutane, amma magana ba ta zama a kansa. Shekaranjiya da safe na ce masa ɗauko takalminka, ka sa littafi a jaka, ka zo mu tafi. Bayan minti goma na leƙa na same shi tsaye a tsakar ɗaki da takalmi ƙafa ɗaya a hannu yana kallon bango, na ce me na ce ka yi, sai idonsa ya ciko ya ce Mama na manta. Abin da ya iya ran Litinin zuwa Laraba kamar bai taɓa ganinsa ba. Dutsen guga ya ƙona shi sau uku kuma har yau in ya gan shi sai ya kai hannu. Na yi faɗan na yi lallashin, har duka na yi Allah ya yafe min, ba abin da ya canza.

Sai muka je wajen likitan yara. Ya auna kansa da tef, ya auna tsayi da nauyi, ya daɗe yana kallon fuskarsa har da sa ɗan rula a gefen idonsa. Daga nan ya sa aka fita da yaron, ya tambaye ni a hankali wai mahaifiyarsa ta sha giya lokacin da take da cikinsa? Na yi shiru. Maganar gaskiya ta sha, bayan aurenta ya mutu ta shiga wani hali, kowa a gida ya sani ba dai mai faɗa ne. Yanzu abin da nake so in sani, da gaske giyar da aka sha shekara 9 baya ita ke hana yaro riƙe magana yau? Kaɗan ma tana illa ko sai an yi yawa? Kuma yana warkewa?

Abu_Fahad
Wa'alaikumussalam. Allah ya ji ƙanta ya yafe mata, ke kuma ya ba ki ladan riƙon maraya. Masu ilimin abin za su zo in sha Allah.

Nas_Rahila
Maman Iman sannu da ƙoƙari. Ni ungozoma ce a asibiti, bari in faɗa miki yadda abin yake. Eh da gaske ne. Giyar da mai ciki ta sha tana shiga jininta, daga nan ta ratsa mabiyiya ta bi cibiya ta shiga jinin ɗan. Mabiyiya tana tare wasu abubuwan amma ba ta tare giya, cikin awa ɗaya zuwa biyu abin da ke jinin ɗan ya kusa kamo na uwar. To ita uwa tana da hanta mai ƙwari da ke narkar da ita, shi kuwa tasa ba ta kai ba, jira yake jikin uwa ya kwashe masa. Sannan yana fitsarinta cikin ruwan da yake kwance a ciki ya sake haɗiye ruwan, kin ga ta daɗe tana zaga shi kenan. Duk wannan a lokacin da ake gina ƙwaƙwalwarsa, ƙwayoyin suna yaɗuwa kowacce tana tafiya inda aka tsara mata, giya ta kashe wasu ta ɓatar da wasu a hanya.

Likitoci suna ce wa abin FASD a taƙaice, wato larurorin da giyar da uwa ta sha da ciki ke jawo wa ɗa, kuma hawa-hawa ne. Mafi tsananinsa shi ne wanda har a fuska ake gani, tsagar ido gajera, leɓen sama siriri, sannan wannan ɗan kwarin da ke tsakanin hanci da leɓe ya shafe ya yi sumul, ga ƙaramin kai da rashin girma. Abin da likitan yake aunawa kenan da rula. Amma mafi yawan yaran ba abin da za ki gani a fuskarsu, a kai abin yake, mantuwa, rashin natsuwa, lissafi, da kasa haɗa aiki da sakamakonsa, kamar dutsen gugan da kika faɗa.

Batun warkewa ba zan ɓoye miki ba, abin da ya taɓu a ƙwaƙwalwa ba ya komawa, babu allura ko ƙwaya da ke goge shi. Amma yaron yana koyo, hanyar koya masa ce ta bambanta.

Malam_Sabo
Allah ya ƙara lafiya. Ni dai a ganina wannan magana Allah ya riga ya kashe ta a Suratul Ma'ida aya ta 90, ya ce ku nisance ta. Wanda ya nisanta ba ruwansa da duk wannan bayani. Cuta ce ta waɗanda giya ta zame musu ruwan sha, ban ga dalilin da za mu yi ta baza ta a nan ba kamar abin ya zama ruwan dare a cikinmu.

Hajjo_Uwani
Malam da girmanka, amma ai ga wadda ta kawo tambayar nan, a gidansu abin ya faru. Haramci bai hana wasu sha ba, ɓoyewa kawai yake sa su yi. Yaron kuma me ya yi?

Anti_Saratu
Malam Sabo mu ma a Littafi Mai Tsarki, Littafin Mahukunta sura 13, an umarci mahaifiyar Samson kada ta sha ruwan inabi ko wani abu mai sa maye tana ɗauke da shi. Wato ba a rasa gargaɗi ba ta kowane ɓangare. Amma na yi shekaru ina zama da mata masu damuwa, wadda take sha a ɓoye ta fi kowa shiga haɗari don ba ta da wanda za ta faɗa wa, ko a wajen awo ƙarya za ta yi. In muka rufe maganar ita muka rufe wa ƙofa.

Malam_Sabo
Na ji, kuma ban ce a wulaƙanta kowa ba. Allah ya shirye mu baki ɗaya. A ci gaba, ina karantawa.

Usman_Kimiyya
Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda aka daɗe ba a gane abin ba. Sai a 1968 wani likitan yara a birnin Nantes na Faransa, Paul Lemoine, ya rubuta bayanin yara 127 da iyayensu mashaya ne, ya ga kamanninsu da halinsu iri ɗaya, amma duniya ba ta waiwaye shi ba. A 1973 ne likitoci biyu na Jami'ar Washington a Seattle, Kenneth Jones da David Smith, suka buga nasu a mujallar Lancet suka raɗa wa abin suna, sannan aka farga. Babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da gargaɗi ga masu ciki a 1981, daga 1989 kuma aka fara tilasta rubuta gargaɗin a jikin kwalba a can. Wato an daɗe ba a gane abin sosai ba, har likitoci ma.

Yawansa kuma ba kaɗan ba ne. Binciken da aka buga a 2017 ya ƙiyasta kusan kashi 10 cikin 100 na masu ciki a duniya suna shan giya, kuma cikin waɗanda suka sha, 1 cikin 13 tana haifar yaro mai wani mataki na FASD, 1 cikin 67 mai mafi tsananin, kimanin jarirai dubu 119 kenan duk shekara.

BabanYara_03
Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Na yi aiki da wani, matarsa duk cikin da ta yi takan sha kofi ɗaya na giyar inabi jefi-jefi, yaransu uku kuma duk masu ƙoƙari ne, babbar ma jami'a take. Ina ganin yawa ne ke illa, ana dai tsorata mutane ne da batun kaɗan ɗin.

Nas_Rahila
Baban Yara ai alƙaluman da Usman ya kawo ma sun nuna haka, 1 cikin 13 yana nufin 12 sun tsira. Matsalar ita ce ba mai iya gaya wa mace tun farko ko ita ce ta 13 ɗin. Ya danganta da yawan abin da aka sha, da satin da aka sha, da yadda jikin uwar ke narkar da ita, da ƙoshinta, da halittar shi kansa ɗan. An ga tagwaye waɗanda ba ƙwai ɗaya ba, ciki ɗaya giya ɗaya, ɗaya ya taɓu sosai ɗaya kaɗan. Gaskiya ne yawa ya fi illa, musamman a zauna a shanye huɗu ko fiye a zama ɗaya, wannan shi ne mafi muni. Amma har yau ba a samu wani ma'auni da za a ce daga nan zuwa ƙasa ba komai ba. Shi ya sa ake cewa a bari gaba ɗaya, wata tara ne.

BabanYara_03
To amma ai giyar inabi ba kamar wiski ba ce Sista.

Usman_Kimiyya
Sinadarin ɗaya ne yallaɓai, itanol, ruwan da aka tsarma shi da shi ne ya bambanta. Gwangwanin giya mai mililita 350 da ke da itanol kashi 5 cikin 100, da kofin inabi mililita 150 mai kashi 12, da ɗan shot na wiski mililita 45 mai kashi 40, duka kusan giram 14 ne na itanol. Cibiya ba ta san sunan kwalba ba.

Zee_Baby
Ni tambayata daban ce, wai in cikin ya tsufa kamar wata 7 ko 8 yaro ya gama haɗuwa ai ko? Wata ƙawata haka ta ce min, wai watanni ukun farko ne kawai abin tsoro.

Nas_Rahila
A'a ƙanwata. Fuska da zuciya da sauran gaɓoɓi su ne ake ƙerawa a farkon, amma ƙwaƙwalwa tun daga satin farko-farko har ranar haihuwa girma take, a watannin ƙarshe ma ta fi sauri. Ga kuma ɓari, da haihuwar bakwaini, da ɗa ya mutu a ciki, duk giya tana ƙara haɗarinsu. Ki gaya wa ƙawarki babu watan da aka ware.

Baƙuwa_22
Na buɗe sabon suna ne don in iya rubuta wannan, don Allah kar a zage ni. Sati biyu da suka wuce na yi gwaji na ga layi biyu, aka ce sati 7 ne. Kafin in sani na sha sau biyu a wajen wani taro na abokan aiki, ba har na bugu ba amma na sha. Ban shirya cikin ba, ban ma lura na yi ɓatan wata ba. Tunda na fara karanta wannan zancen hannuna rawa yake, na kasa barci, ji nake na riga na cuci ɗana.

Anti_Saratu
'Yata ja numfashi. Ba wanda zai zage ki a nan, wanda ya yi kuma da ni zai yi.

Nas_Rahila
Baƙuwa ki saurare ni da kyau. Ba ke kaɗai ba ce, kusan rabin cikin da ake ɗauka a duniya ba shirya su aka yi ba, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a ya ce sun kai miliyan 121 a shekara, kin ga mata nawa ne ke shiga irin halinki. Ƙa'idar da manyan likitocin Birtaniya suka fitar a 2016 ta ce mafi aminci kar a sha ko kaɗan, amma ita dai wannan ƙa'idar ta ce wadda ta sha kaɗan kafin ta san tana da ciki haɗarin da ke kan ɗanta ba mai yawa ba ne. Abin da ke hannunki yanzu: kin daina, to ki tsaya a haka har ki haihu. Ki fara awo da wuri, ki faɗa wa likita ko ungozoma gaskiyar nawa kika sha kuma yaushe, a rubuta a katinki. Ki sha magungunan awo da za a ba ki, ki ci ki ƙoshi, ki yi barci. Duk ranar da aka daina riba ce ga ɗan, ko wadda ta kai wata 6 tana sha in ta daina yau ta taimake shi, balle ke.

Baƙuwa_22
Na gode Anti, na gode Sista. Ina kuka ne amma na ɗan samu sauƙi. Zan je awo ran Talata.

Gaskiya_Ɗaci
Wadda ba ta sani ba daban. Amma wadda ta san tana da ciki ta ci gaba da ɗirkar giya har ta nakasa yaro, ni a ganina hukunci ya kamata a yi mata, a kulle ta. Yaro zai ƙare rayuwarsa yana wahala saboda son zuciyar wani, haba.

Shekara6_BaKwalba
Ɗan'uwa ni ce irin matar da kake magana a kai, don haka bari in amsa maka. Na sha da ciki, kuma na sani. Ranar da na fara zuwa awo ma'aikaciyar ta ji warin a bakina, ta ɗaga murya a gaban layin mata ta ce ku zo ku ga uwar banza. Na ɗauki jakata na fita, ban sake taka asibiti ba sai da ciki ya kai wata 6. Kunya ba ta sa na daina ba, ƙara min ta yi, don in na tuna sai in sha in manta. Da ɗauri ake yi da ko a wata 6 ɗin ba zan je ba, a ɗaki zan haihu.

Wadda ta cece ni wata likita ce da ta ja kujera ta zauna kusa da ni ta ce nawa kike sha a rana, kamar tana tambayata ciwon kai. Kuma ga abin da nake so kowa ya riƙe: kafin nan na taɓa gwada dainawa dare ɗaya ni kaɗai, kwana biyu jikina ya kama kyarma, gumi kamar an watsa min ruwa, kofi ma na kasa riƙewa, a rana ta uku na faɗi ina jijjiga. Wadda jikinta ya saba da sha kullum kar ta yanke lokaci ɗaya ita kaɗai, ta je asibiti a cire ta a hankali ƙarƙashin kulawa. 'Yata tana da shekara 6 yanzu, tana da jinkirin magana da lissafi, kullum ina kallonta ina sanin dalili. Ba na neman a wanke ni. Amma kurkuku ba zai dawo mata da komai ba, uwa mai hankalinta take buƙata.

Nas_Rahila
Abin da ta faɗa kan yankewa lokaci ɗaya gaskiya ne ɗari bisa ɗari, yana iya kawo farfaɗiya, haɗari ga uwa da ɗa. Wadda take sha jefi-jefi ta daina yau. Wadda ta kamu, asibiti. Allah ya ƙara miki ƙarfi 'yar'uwa, kin yi jarumta da kika faɗa.

Gaskiya_Ɗaci
Ki yafe ni, ban yi nufin taɓa ki ba. Har yanzu dai zuciyata tana kan yaran, amma na ji abin da kika ce.

Usman_Kimiyya
In aka duba inda abin ya fi yawa za a ga ba son zuciya kaɗai ba ne. Afirka ta Kudu ce kan gaba a duniya, an ƙiyasta kusan yara 111 cikin 1,000, sai Kuroshiya da Ireland a bayanta. A yankin Western Cape an yi zamanin da masu gonakin inabi ke biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, ana ce masa tsarin dop. An haramta shi tuni amma sabon da ya dasa ya bi zuriya, ga talauci a kai. Mace ta tashi ta ga uwa na sha uba na sha miji na sha, sai a ce ita kaɗai ce mai laifi?

Hajjo_Uwani
Yauwa, ka taɓo inda nake jira. Ina mazan suke a wannan magana? Ko giyar uba ba ta komai?

Nas_Rahila
Hajiya FASD dai daga giyar da ta ratsa jinin uwa take zuwa, shan uba ba ya shiga cibiya. Amma mace da mijinta ke ajiye kwalba a gida yana sha a gabanta dainawa tana yi mata wuya ƙwarai, balle in akwai duka da tashin hankali. Miji mai son ɗansa ya ajiye tare da ita tun suna neman cikin, ba sai an ga layi biyu ba.

Abu_Fahad
Wani abin kuma, ko wadda ba ta taɓa kusantar giya ba ta riƙa duba jikin kwalbar magani. Wasu magungunan tari na ruwa da wasu na ƙarin jini ko haɗe-haɗen itatuwa da ake jiƙawa suna da itanol a ciki. Mai ciki kar ta sha komai sai ta nuna wa likita ko mai kemis da ya san aikinsa.

Zee_Baby
Mai shayarwa fa?

Nas_Rahila
Tana fita a nono, daidai da yadda take a jini, kuma kowane kofi ɗaya yana ɗaukar kamar awa 2 kafin ya bar jiki. Tatse nono a zubar ba ya gaggauta fitarta, kuma ba ta ƙara ruwan nono kamar yadda wasu ke cewa, ragewa ma take. Amma wannan babi ne daban, FASD a ciki ake samunsa kafin haihuwa. Mu koma kan yaron Maman Iman don mun yi nisa mun bar ta.

MalamarAji_Binta
Na gode Sista, dama shi nake so in yi magana a kai. Shekarata 14 ina koyar da 'yan firamare kuma na riƙe yara biyu da aka tabbatar suna da wannan larurar, wasu kuma ina zargi. Maman Iman abin da ya sauya min komai shi ne ranar da na gane ba ƙi yaron yake ba, kasawa yake. Wanda ya ƙi ana horonsa, wanda ya kasa taimakonsa ake. Saƙo uku da kika ba shi a jere, na farkon kawai ya kama sauran sun zube a hanya, shi ya sa kika gan shi da takalmi a hannu. Ki ba shi ɗaya. Ɗauko takalminka. Ya kawo, ki ce madalla, sannan ki ba shi na biyu. Gajeriyar magana, kina kallon idonsa, talabijin a kashe. Kar ki ce "ka gyara ɗakinka", bai san ta ina zai fara ba, ki ce sa rigar nan a kwando.

Ki zana masa hotuna a kwali ki manna a bango daidai tsayinsa, buroshi, wanka, riga, takalmi, jaka, kullum a jere ɗaya ba canji. Ɗaya daga cikin yaran nawa sai da muka yi zango biyu yana bin kwalin da yatsa kafin ya daina dubawa, amma ya daina ɗin. Dutsen guga kuwa ki ɗauke shi daga inda hannunsa zai kai kawai, kar ki jira ƙuna ta koya masa, ba za ta koya masa ba. Ki riƙa ɗaukarsa kamar ƙaramin da bai kai shekarunsa ba wajen hankali ko da bakinsa ya iya zance, don yawancinsu suna da baki sai a zaci sun fahimta. Kuma ki sa ido kan son mutanen nan nasa, irinsu kowa aboki ne, babba zai ce riƙe min wannan ko zo mu je ya bi. Wannan ya fi karatun ba ni tsoro in sun fara girma.

Maman_Iman
Malama wlh kamar kina gidanmu. Ko watan jiya wani yaro ya ce ya ba shi jakarsa ya ba shi har da littattafan, ya dawo yana murna wai ya yi aboki. Ina karanta maganarki ina tuna duk dukan da na yi masa, zuciyata ta karye.

Anti_Saratu
Ba ki sani ba ne 'yar'uwa. Yanzu kin sani.

Usman_Kimiyya
Maman Iman ga abin da zai ƙarfafa miki gwiwa. Ann Streissguth ta Jami'ar Washington ta bi rayuwar mutum 415 masu wannan larurar, yara da manya. Da yawa sun sha wahala, kora daga makaranta, rikici da hukuma, shaye-shaye. Amma waɗanda aka gano abin da wuri kuma suka tashi a gida tsayayye mai kwanciyar hankali sun fi sauran tsira nesa ba kusa ba. Abu biyun nan duka suna hannunki. Kuma da yawansu ƙwaƙwalwarsu ta gwajin basira daidai take da ta kowa, shi ya sa ake musu kallon masu taurin kai, ko a ce ƙiriniya ce kawai.

BabanYara_03
In ya girma ya yi aure 'ya'yansa za su gada?

Nas_Rahila
Ba gado ba ne. Ko mace mai FASD in ba ta sha da cikinta ba ɗanta ba zai samu ba. A zuriya ɗaya ake iya yanke shi. Maman Iman ki koma wajen likitan ki ba shi amsar da kika riƙe, don babu gwajin jini da ke nuna abin, tarihin uwa da awon jiki da gwajin ƙwaƙwalwa ake haɗawa, shirunki yana ɗaure masa hannu. Ki roƙi a duba jinsa da ganinsa da zuciyarsa, kuma in akwai mai koyar da magana ko likitan halayyar yara a tura ku.

Maman_Iman
Zan koma in sha Allah, ran Alhamis ya ba mu. Amma ga abin da ya tsaya min a wuya. In na faɗa wa makaranta sunan larurar na tona asirin yayata tana kabari, gobe a riƙa nuna shi ana ɗan mashayiya. In na yi shiru kuma su ci gaba da zane shi a kan abin da ba laifinsa ba. Shi kansa in ya girma ya tambaye ni me zan ce masa game da uwarsa?

Malam_Sabo
A nan kam ina da ta cewa. Ki rufa wa mamaciya asiri, ba dole sai kin faɗi dalili ba. Ki ce musu likita ya tabbatar yana da larurar ƙwaƙwalwa tun haihuwa, a daina dukansa, ga yadda za a bi da shi. Ya wadatar.

MalamarAji_Binta
Na yarda da Malam a kan sauran mutane, amma shugaban makaranta da malamin ajinsa ni na fi so su san sunan, don in ba suna ba sa ɗauka da muhimmanci, sati biyu an koma gidan jiya. Ki nemi likita ya rubuta takarda, ki kai da kanki ki zauna da su.

Shekara6_BaKwalba
Ni na yanke zan gaya wa tawa da bakina in ta kai, kafin wani ya gaya mata da mugun nufi. Zan ce mata ba ni da lafiya lokacin, kuma ban taɓa daina son ta ba. Ke ma yayarki ba ƙin ɗanta ta yi ba, ciwo ne ya kama ta ba wanda ya tsaya mata. Amma kowa da gidansa, ke kika san naku.

Hajjo_Uwani
Shekara 8 dai ya yi ƙanƙanta da wannan labarin, a bari tukuna.

Maman_Iman
Ban yanke ba tukun, zan tambayi likitan shi ma ran Alhamis. Yau da safe na gwada na Malama, na kashe talabijin na durƙusa na ce ɗauko takalminka, ya ruga ya kawo ƙafa biyu. Na ce sa littafi a jaka, ya sa. Mun fita ba kuka ba tsawa, a hanya yana riƙe da hannuna yana ta ba ni labari. Malama Binta don Allah in kina da hoton irin kwalin nan ki turo min in gani, ban iya zane ba amma Iman ta ce za ta zana masa.

MalamarAji_Binta
Yana aji a manne, gobe in na shiga zan ɗauka in turo miki. Hoto biyar kawai za ki fara da su, kar ki cika.